Gajeren Wasan Waya Ko Dogon Labari: Wanne Ya Dace Matasan Yauri Su Ƙera?

Duk wanda ya ratsa majalisun matasa a Yelwa da yamma, ko ya tsaya a rumfar mai cajin waya a Wara ko Shanga, abu guda zai gani: waya a gicciye tsakanin tafuka biyu, manyan yatsu na ta kai-komo. Wannan ƙwallo yake bugawa a eFootball, wancan harbe-harbe yake yi a Free Fire, ƙaninsu na tsalle a kan jiragen ƙasa a Subway Surfers, can gefe kuma mutum huɗu sun sa waya ɗaya a tsakiya suna Ludo King. Na farkon daga Japan ya zo, na biyun na wani kamfanin Singafo ne, na ukun 'yan Denmak suka fitar da shi a 2012, na ƙarshen kuwa daga Indiya ya fito a 2016. Data tamu ce, caji namu ne, lokaci namu ne, amma babu ɗaya a cikinsu da ya san akwai wani gari Yauri a bakin Kwara.

A da sai a ce ai ƙera gem aikin manyan kamfanoni ne. Yanzu wannan uzurin ya kau. Manhajar Godot da ake gina wasanni da ita kyauta ce, Unity ma ba ta cajin ƙananan masu farawa, rajistar Play Store kuwa dala 25 ce, sau ɗaya tak ake biya. Don haka a ce matasa huɗu a Yauri sun haɗa kai: mai rubuta manhaja, mai zane, mai haɗa sauti, da mai tsara labari. Suna da kwamfuta biyu, da 'yar sola, da guzurin da zai riƙe su shekara guda in an tsuke baki. Wane irin wasa za su yi? A nan ne ake rabuwa gida biyu, kuma kowane gida yana da hujjar da ba a ture ta da ƙafa.

Kafin mu shiga, akwai nau'i biyu da ya kamata a sallama tun daga bakin ƙofa. Wasan ƙwallo yana buƙatar lasisin sunayen 'yan wasa da kulob-kulob, kuɗin da ba na ƙaramin kamfani ba ne. Wasan harbi na mutane da yawa a intanet kuwa yana buƙatar manyan na'urorin da ba sa barci da ma'aikatan da ke gadinsu dare da rana. Ban da wannan ma, ƙasar da aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri aka kwashi ɗalibai ranar 17 ga Yuni 2021 ba ta buƙatar 'ya'yanta su mayar da bindiga abin nishaɗi da sunan garinsu a kai.

Gida na farko su ne masu cewa a yi gajeren wasan waya, irin wanda mutum zai buɗe yana jiran mota ta cika, ya yi minti uku ya rufe. Hujjarsu ta farko ita ce aljihun mai saye. Wayoyin da ke hannun jama'a Tecno ne da itel da Infinix, yawancinsu masu ƙaramin ciki, kullum sai an goge wani abu kafin a sa wani. Kuɗin data ya ƙara tashi tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Mutanenmu sun fi karɓar abu ta Xender daga wayar aboki a kan su sauke shi da kansu. Wasan da yake da nauyi, ko wanda ba ya tashi sai da sabis, ya mutu tun bai isa Ngaski ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi a wajena, wato gamawa. Gajeren wasa ana iya kammala shi cikin wata uku ko huɗu. Wanda bai taɓa kai wasa ƙarshe ba bai san inda wahalar take ba: gyaran kurakuran da ba sa bayyana sai a wayar wani, daidaita sauti, rage nauyi, cika sharuɗɗan Google, wanda yanzu yake buƙatar sabon mai asusu ya samo mutum 12 su gwada manhajarsa tsawon kwana 14 kafin a bari ya sake ta ga duniya. Idan wasan farko ya faɗi, wata huɗu aka rasa, an kuma koyi sana'a. Suna kafa hujja da Maliyo Games ta Legas, wadda Hugo Obi ya kafa a 2012 da ƙananan wasanni irin su Mosquito Smasher da Okada Ride, daga baya Aboki Run da Whot King, har ta kai ga yin wasan girki na Iwájú tare da Disney a 2024. Shekara 12 ke nan na hawa mataki-mataki. Suna kuma nuna Qene Games ta Habasha, wadda ta fara da Kukulu a 2018, sannan ta ɗauki wasan gargajiyarsu na ramuka da tsakuwa ta fitar da Gebeta a 2020.

Mu ma, in ji su, muna da namu. Ga dara: ramuka 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawarka. Littattafan wasannin duniya ma da Dakarkari na ƙasar Zuru suke danganta ta, maƙwabtanmu a jiha ɗaya. Ba sai an koya wa dattijo dokarta ba, zanen da take buƙata kaɗan ne, mutum biyu za su iya bugawa a waya ɗaya. Ga kuma tseren kwale-kwale irin na bikin Rigata, wanda za a iya mayarwa wasan saurin yatsa cikin sauƙi.

Duk wannan gaskiya ne. Inda maganar take yin rauni shi ne wajen kuɗi. Gajeren wasa kyauta ake ba da shi, talla ce ke biyan mai shi. To, talla ba ta fitowa sai wayar tana kan intanet. Ke nan abin da ya sa wasan ya dace da mutanenmu, wato yin aiki ba tare da data ba, shi ne kuma yake toshe hanyar samun kuɗinsa. Ko tallar ta fito, abin da ake biya a kan mai kallo a Najeriya bai kama ƙafar abin da ake biya a kan na Amurka ko Turai ba, sai an tara dubban ɗaruruwan masu wasa kafin a ga abin kirki. Manyan kamfanonin wannan fage kuwa da kuɗi suke sayen masu wasa, suna zuba talla a Facebook da TikTok, abin da matasa huɗu ba su da shi. Sannan akwai irin tallar da ke faɗowa: ta caca, ta masu ba da bashi da ruwa, ta hotunan da ba su dace ba. Ranar da uba ya ga irin wannan a wayar ɗansa, ranar za a goge wasan, kuma sunan masu shi ya ɓaci a gari. Ana iya tace tallar, amma duk abin da aka tace, kuɗi ne ya ragu.

Gida na biyu sun ce a bar wannan tsere da ba za a ci ba, a yi dogon wasan labari na kwamfuta, a kai shi kasuwar Steam inda ake sayarwa da dala. Idan suka fara lissafa abin da Yauri ta mallaka, sai jikin mutum ya yi sanyi don ganin dukiyar da ke zube ba a taɓa ba. Tsohon Birnin Yauri da ganuwarsa. Gungawa da rayuwarsu a tsibiran tsakiyar kogi. Kambari da Shangawa da Dukkawa da Sarkawa masunta. Ayarin fatake da ke bi ta wannan yanki zuwa Gwanja sayen goro. Mungo Park da ya ratsa Yauri a 1806 kafin ruwa ya ci shi a Busa, da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka zo a 1830 suna neman takardunsa a wajen Sarki. Komawar gadon sarauta Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19. Sai babban labari, na 1968, lokacin da aka gama madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa har da tsohuwar Busa, aka tashi fiye da mutum 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Har yau akwai tsofaffin da za su nuna maka tsakiyar tafki su ce can gidansu yake. Kuma ba da ka za a yi aikin ba, domin masana irin su Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, sun yi rubutu a kan tarihin masarautar.

Suka ce duniya ta gaji da jaruman Turai da Japan, tana neman abin da ba ta taɓa gani ba. Never Alone, wanda ya fito a 2014, labarin mutanen Inupiyat na Alaska ne, kuma ya zagaya duniya. Raji na Indiya ya fito a 2020. A nan kusa da mu, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a Afrilun 2016, jaridun duniya suka yi ta magana a kansa. Suka ƙara da cewa Bahaushe mai son labari ne tun fil azal. Wanda ya ga yadda ake jiran fitowar Labarina ko Daɗin Kowa, ko yadda marubuta mata suke sayar da littattafansu babi-babi a zaurukan WhatsApp ana tura musu kuɗi ta banki, ya san cewa labari ne kaɗai abin da mutanenmu suka riga suka saba biya dominsa a waya.

Zuciyata tana tare da wannan gida, ba zan ɓoye ba. Amma a duba misalan da suka kawo da kyau. Olivier Madiba na Kiro'o ya fara tunanin Aurion tun 2003, aka kafa kamfanin a 2013, wasan bai fito ba sai 2016, da ma'aikata kusan 20, da kuɗin masu zuba jari, da fama da ɗaukewar wuta. Bayan duk wannan, su ma wasannin waya suka koma yi. Masu Raji sun nemi tallafin jama'a a Kickstarter a 2017 ba su samu abin da suka nema ba, har ɗaya daga cikinsu ta sayar da gidanta don aiki ya ci gaba. Never Alone kuwa majalisar ƙabilun yankin ce ta tsaya masa da kuɗi, tare da wani gogaggen kamfani, aka kuma zauna da dattawa da masu ba da labari kusan 40. Ana yawan kawo Eric Barone da ya yi Stardew Valley shi kaɗai, amma shekara huɗu da rabi ya yi a kai kafin ya fito a 2016. Wane matashi ne a Yauri, mai iyaye da ƙanne na kallon hannunsa, za a ɗaga wa ƙafa shekara huɗu yana ɗaki yana zane? Idan ma an gama, Steam ta karɓi sababbin wasanni fiye da 18,000 a 2024 kaɗai, mafi yawansu ba wanda ya ji labarinsu.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Tarihin masarauta ba tatsuniya ba ne. Jikokin waɗanda suka yi yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suna nan da ransu, wasu a fada, wasu a ƙauyuka. Wasan da zai ba ɗan wasa takobi ya ce wane ne jarumi, wane ne mugu, yana iya tayar da abin da ya daɗe a kwance. Irin wannan aiki yana son zama da fada, da dattawan Gungawa da Kambari, yana son haƙuri da shekaru. Ba aikin farko ba ne. Abin da na fi tsoro ma shi ne wasan da zai fito a kwamfuta da Turanci, Bature a Jamus ya buga, yaron Zamare da labarin kakansa ne bai taɓa ganinsa ba.

To ina mafita? Ni a ganina gidajen biyu sun tsallake wata tambaya: me yatsan ɗan wasa zai riƙa yi kowane minti? Labari komai daɗinsa ba shi ne wasa ba. Wasa shi ne aikin da ake maimaitawa ba a gaji ba. Dara tana da wannan, amma kowa a ko'ina zai iya kwaikwayonta cikin mako biyu. Tarihi ba a iya kwaikwayonsa, amma ba shi da aikin yatsa sai an ƙirƙira masa da tsada. Abin da ya haɗa biyun shi ne wasan sana'a, kuma sana'ar da Yauri ta fi kowa sani ita ce ta ruwa.

A kwatanta yini guda a cikinsa. Asuba ta yi, kana da ƙaramin kwale-kwale da filafili da taru ɗaya da aka ba ka bashi. Ka zaɓi inda za ka jefa: kusa da gaɓa inda ƙarfasa take amma ba ta da tsada, ko can ciki inda ake samun giwan ruwa amma akwai kututturan itatuwan da tafki ya rufe, akwai kuma dorina. Ka jawo taru da jan yatsa, ka jera abin da ka kama a cikin jirgi, kowane kifi da wurin da yake ci. Rana ta take, sai ka yanke shawara: ka sayar ɗanye a bakin ruwa da araha, ko ka kai a banda shi ka jira ranar kasuwa? Da ribar za ka biya bashi, ka gyara taru, wata rana ka sayi inji, ka fara dakon buhunan albasa da fasinja tsakanin garuruwa. Shekarar wasan tana bin shekarar tafkin ta gaskiya, mai cikowa biyu: ruwan damina mai laka, da wanda ke isowa cikin sanyi daga can saman kogi, daga Gini ta Mali. Idan ruwa ya ja baya, gaɓa ta buɗe, sai shukar albasa.

Wannan ba mafarki ba ne a kasuwar duniya. Dredge, wasan kamun kifi da wasu 'yan tsirarun mutane suka yi a Niyu Zilan, ya fito a Maris 2023, kuma kafin ƙarshen shekarar ya sayar da fiye da kwafi miliyan 1. Babban daɗinsa shi ne jera kifi a cikin jirgi da yanke shawarar ko a koma gida kafin duhu. Su da ƙirƙirarren teku suka yi nasu. Mu namu ruwan na gaske ne, da sunayen kifinsa, da kirarin masuntansa, da muryar dillalai a bakin kasuwa, duk da Hausa, a ji su da kunne don wanda karatu bai zauna masa ba ya iya bugawa. Kasuwar kuma ba ta tsaya a Kebbi ba. Ta haɗa Kano da Sakkwato da zangon Kumasi da Jamhuriyar Nijar, wadda ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025.

Irin wannan wasa yana iya faɗin gaskiya ba tare da wa'azi ba. Idan ka yi amfani da taru mai ƙananan idanu, bana za ka cika jirgi, baɗi ka sami ruwa fayau, kamar yadda masu bincike na cibiyar NIFFR da ke Sabuwar Busa da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 suka daɗe suna gargaɗi. Idan ka ɗora wa jirgi fiye da ƙima don kwaɗayin kuɗin fasinja, sai ka ga bakinsa ya kusa shan ruwa, juya shi ya yi wuya. Babu wanda ya manta 26 ga Mayu 2021, ranar da jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ya nutse da fiye da mutum 150, kaɗan suka tsira. Allah ya jiƙansu. Ba na cewa a sa wannan rana a cikin wasa, bai dace ba ko kaɗan. Amma yaron da ya saba a waya cewa rigar ruwa da ƙidayar fasinja su ne ke kai shi gaci, zai shiga jirgin gaske da wani ido daban.

Masu suka za su ce wannan ya fi dara wuya, kuma gaskiyarsu. Daidaita farashi da riba da bashi ta yadda wasa ba zai yi sauƙi har ya gundura ba, ba zai kuma yi tsauri har a jefar ba, aiki ne na gwaji da sake gwaji. Za su kuma ce haɗarin faɗaɗawa yana nan: yau a ce a ƙara Rigata, gobe a ce a ƙara farautar dorina, jibi tarihin 1968, har shekara ta ƙare ba a fitar da komai ba. Maganin wannan shi ne a ɗaure kai tun farko. Mashiga ɗaya, jirgi ɗaya, kifi iri biyar, kasuwa ɗaya, wata shida. Labarin tsibiran da ruwa ya ci ya shigo daga baya, babi-babi, daga bakin wani tsohon masunci a cikin wasan, bayan an je an ji daga masu shi.

Batun kuɗi ma ya fi sauƙi a nan, ko da yake ba a ce ya warware ba. Kashin farko a bar shi kyauta, a ƙyale shi ya yawata ta Xender yadda ya ga dama, domin wannan yawo shi ne tallar da ba a biya ba. Babi na gaba a sayar da shi da ɗan kuɗi kaɗan. Wanda aka sauke daga Play Store dole ya bi hanyar biyan Google, wadda ke cire kashi 15 cikin 100 ga ƙananan masu sayarwa. Wanda aka raba kai tsaye kuwa ana iya buɗe shi da lambar da mutum zai samu bayan ya tura kuɗi ko ya biya a wajen mai POS, yadda masu sayen littafi suka riga suka saba. Hukumomin da ke yekuwar sa rigar ruwa, irin su NIWA da HYPPADEC, ƙofa ce da za a iya ƙwanƙwasawa da wasa a hannu, ba da takardar roƙo kawai ba. Idan ya karɓu a gida, a fassara shi a kai Steam da hujjar cewa akwai masu buga shi.

Hukuncina ke nan: kada a fara da dogon tarihi, kada kuma a tsaya ga kwaikwayon tseren da wasu suka riga suka cinye. A yi ƙaramin wasan su da dakon kaya a waya, da Hausa, wanda ba ya neman data. Ku ƙannena masu wannan buri, kafin ku buɗe kwamfuta ku sauka bakin ruwa da wayarku, ku gaida Sarkin Ruwa da dattawan masunta, ku nemi izini ku naɗi bayaninsu a kan kifi da iska da lokutan ruwa. Ku kuma masu hali na Yauri da Ngaski da Shanga, idan yaran nan suka zo muku da abin da suka fara a waya, ku karɓa ku buga da hannunku, in ya gamsar da ku ku ɗauke musu kuɗin sola da abincin wata shida.